Kariyar da ba za ta shiga gareji ba

"…da mutanen gida, Baba? Ya gajiya?"

"Gajiya ga ta nan a bayana, ta sa tabarau," in ji Tsoho, yana laluben wurin zama. "Ita ta tuƙo ni."

"Mai walda, kada ka biye masa," in ji jikar tasa, tana rufe ƙofar mota. "Da gajiyarsa aka haife shi. Sai da ungozoma ta tashe shi daga barci kafin ya yi kukan farko."

Mai walda ya yi dariya, ya jawo benci ya kaɗe shi da tsumma. Tsoho ya zauna a hankali, yana lallashin gwiwoyinsa. Shago na uku ke nan tun safe. Rumfar kwano ce mai warin ƙonannen ƙarfe, an jingina kariyoyi a jikin bango, wato ƙarafan nan da ake ɗora wa mota a ka don ɗaukar kaya. Wasu shafaffu ne kamar tabarma, wasu masu shinge kamar gadon jariri, wata ma har da tsaninta.

Motar tana tsaye a bakin rumfar, jif ce mai dogayen ƙafafu, irin ta shiga daji. Ta ɗansa ce, uban yarinyar. Tun ranar da ya shigar da ita garejin gidan Tsoho da hannunsa, ya ce kansa na ciwo zai ɗan kwanta, kwanciyar da bai tashi ba ke nan, ba ta sake kwana a waje ba. Tsoho ne ke tayar da ita kowace safiya don kada batir ya mutu, ya goge ta iyakar inda hannunsa ya kai, ya kashe, ya ja ƙofa. Ba ya kiran sunan ɗan nasa. Idan magana ta kama, sai ya ce "mai motar".

Yanzu ga jikar ta gama karatun likitan dabbobi, an tura ta can wajen makiyaya, inda kwalta ba ta kai ba. Tsoho ya ba ta motar, amma aro, da sharaɗi ɗaya: duk ranar da ta zo gida, motar ta koma ɗakinta ta kwana. Ƙofar garejin kuwa gajera ce. Tsoho ya yi aikin safiyo, wato awon filaye, har ya yi ritaya, ba ya yarda da awon ido. Ya auna ratar da ke tsakanin kan motar da saman ƙofar, ya yanko guntun katako daidai ratar, bai fi tsawon tafin hannu ba. Duk kariyar da ta fi katakon nan tsawo, motar ba za ta ƙara shiga gareji ba. Tun safe katakon yana aljihunsa.

"To, Likita, wace iri ake so?" in ji mai walda.

"Wadda za ta ɗauki tayar safaya, da jarkar mai, da jarkar ruwa, da tanti, da katifa…"

"Da gadon aurenta," in ji Tsoho. "Yaji za ta yi, mai walda. Na ciyar, na tufatar, na kai makaranta. Yanzu ta ga na tsufa, za ta bi awaki."

"Awaki sun fi ka haƙora."

"Ba su kai ni gemu ba."

"Gemunku ɗaya da bunsuru, taurin kai ma haka. Shi dai ya fi ka amfani, don in an gaji da shi ana kai shi kasuwa."

"Ni ma an kawo ni. Tun safe kike zagaye da ni, ba wanda ya taya."

"Wa zai sayi wahala da kuɗinsa?"

Mai walda ya jawo wata babba daga jikin bango, baƙa, mai shinge kewaye da tsani a baya. Ya buga ta da sifana, ta yi ƙara mai kauri.

"Wannan ita masu shiga daji ke sawa. Ga wurin safaya, ga mazaunin jarka biyu da makullinsu. Ko ramin da ya kai rijiya aka faɗa, kaya na nan inda aka bar su."

"Ita nake so," in ji Likita.

"Ba a cinikin biri a sama," in ji Tsoho. "Kwantar da ita ƙasa."

Ya miƙe da ƙyar, ya zaro katakon, ya durƙusa ya tsayar da shi a gefen kariyar. Shingen ya wuce katakon, ya kusa ninka shi. Tsoho ya jima yana kallo, kamar mai jiran ƙarfe ya sake shawara.

"Ta faɗi jarrabawa."

"Ka ga sandarsa, mai walda?" in ji Likita. "Da can doguwa ce, har tana kai masa ƙirji. Tare suka tsufa, tare suka motse."

"Wannan ba kariya ba ce, kejin kura ne. Dama abin da ya dace da ke ke nan. A sa ki ciki a zaga gari, yara su biyo baya."

"In aka sa ni ciki, wa zai riƙa tuna maka inda ka ajiye tabaranka?"

"Ban taɓa ɓatar da tabarau ba."

"Shekaranjiya ka tara gida duka ana nema, yana kan goshinka."

"Gwada ku nake yi. Kun faɗi, kamar wannan ƙarfen."

Mai walda ya mayar da babbar, ya ɗauko wata fara ta alminiyam, marar nauyi, mai gajeren shinge. Likita ta ɗaga ta da hannu ɗaya, ta gyaɗa kai. Tsoho ya sake durƙusawa. Wannan karon gwiwarsa ta yi ƙara har mai walda ya waiwayo.

"Ba komai," in ji Likita. "Haka yake yi in zai tashi. Sai an tura shi, kamar tsohuwar a-kori-kura."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"In ba ta zama kakin banza ba."

Ya tsayar da katakon. Farar kariyar ta ɗara shi da kamar yatsa biyu. Ya juya katakon ya sake gwadawa ta ɗaya gefen. Yatsa biyun na nan.

"Wannan ma ta faɗi."

"Yatsa biyu fa, Tsoho."

"Yatsa biyu ya isa a rushe katangar mutum. Na gani da idona."

"To ga dabara. In na zo gida sai in sace iskar tayoyin kaɗan, kamar yadda shekaru suka sace taka. Motar ta ɗan rusuna ta shiga."

"Mai motar bai taɓa shigar da ita a durƙushe ba."

Ya faɗe ta ne a muryar da yake faɗin komai, amma maganar ba ta sami mai cafe ta ba. Likita ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi. Mai walda ya sami wani noti a ƙasa da yake bukatar a tsince shi. A can cikin rumfar rediyo na ta magana shi kaɗai. Tsoho ya koma benci, ya ji zafin ranar ya taru masa a ƙeya. A shagon farko da na biyu ma nan maganar ta tsaya, suka yi sallama suka fito. Ba ya jin yana da ƙarfin shago na huɗu.

"Babu wata?" ya tambaya.

"Akwai," in ji mai walda, ba da karsashi ba. Ya shiga ciki ya fito da wata shafaffiya, ƙarafa ne kawai a jere, babu shinge, babu tsani.

Tsoho bai jira an kwantar da ita sosai ba. Ya tsayar da katakon. Katakon ya fi ta tsawo, har da saura.

"Ka ga 'yar mutunci," in ji shi. "Ta san girman ƙofar gidan mutane."

"Wannan ai faranti ne."

"Kariya ce."

"Faranti ne, Tsoho. Kan kwalta ake yawo da shi, a ɗora tsani ko katifa. Ni inda za ni, hanya ce da in ka sha ruwa kafin ka tashi, sai ka iso da shi a kunne. Me zai tare jarka a nan?"

"Igiya."

"Igiya."

"Ku 'yan yanzu ba ku san ɗauri ba. A zamaninmu na ɗaure tanti da na'urar awo da tukunya a bayan jaki da igiya ɗaya, muka ƙetare koguna, muka hau duwatsu, ko cokali bai faɗi ba."

"Wa ya ɗauki wani, kai ko jakin?"

"Jakin ya fi ki ladabi."

"Shi ya sa kuka shaƙu. Bara da ka ba da labarin nan, raƙumi ne."

"Raƙumi ne da muka tashi. Wahalar hanya ce ta mai da shi jaki."

Mai walda ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

"Abin da babba ya hango," in ji Tsoho, "yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba."

"Babban da ke neman tabarau a goshinsa? Rigakafi ya fi magani, ango. Ni aikina ke nan."

"Rigakafin awaki."

"Har da na tsofaffi. Allurar ce dai ta fi girma."

Ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta tsaya. Tsoho bai tashi daga gefen shafaffiyar kariyar ba. Yana nan durƙushe, ya dafe katakon a jikin ƙarfen da hannu ɗaya, kamar wanda ya kama abin da ya daɗe yana bi kuma yana tsoron a ce ya saki. Ya san tana kallonsa. Ya so ya ɗauke hannun, hannun ya ƙi.

Ta mayar da tabaranta.

"Shi ke nan, mai walda. A sa masa farantinsa. Matar kirki ba ta musu da miji a kasuwa, sai an koma gida."

"Kin dai ji tsoro," in ji Tsoho.

"Na ji tausayin gwiwarka. In muka je shago na huɗu, kai za a ɗaure a saman motar."

Ta zaga bayan jif ɗin ta buɗe but, tana nuni da hannu, tana tsara kayan a baki. Tanti da katifa su hau sama, tunda ba su da nauyi. Safaya ta kwanta a but. Kulolin maganin rigakafi su zauna a kujerar baya, don ba sa son rana. Jarkar ruwa ta shiga tsakanin kujeru.

"Jarkar mai fa?" in ji mai walda.

"Kujerar gaba. In ɗaura mata bel ta zauna gefena. Dama ina neman abokin tafiya da ba ya ba da labarin jaki."

Mai walda ya dube ta, ya dubi Tsoho. Ya ɗauki shafaffiyar kariyar ya nufi motar.

Tsoho ya koma kan benci. Ya ci nasara, ya san ya ci. Motar za ta dawo ta shige ɗakinta, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, da safe ya ji muryar injin a tsakanin bango huɗun da ya saba. Amma idonsa ya tafi kan kujerar gaba ya ƙi dawowa. Ba yau ya fara sanin daji ba. Ya san yadda jarkar fetur ke kumbura idan rana ta take, yadda take numfashi ta bakin murfi komai ɗaurinsa, yadda warin ke cika mota ya sauko wa direba a ido kamar barci. Ya san gargada, da yadda abu mai nauyi ke tsinke abin da aka ɗaure shi da shi a daidai lokacin da hannu biyu ke kan sitiyari. Ita ma ta sani, ba yarinya ba ce. Ta sani ta ce a sa farantin.

A kujerar nan yake zama duk lokacin da mai motar ya kai shi asibiti a duba masa ido. A kanta yarinyar nan take tsayawa tana ƙarama, ta dafa gilashi, tana gaishe da kowace saniya da suka wuce.

"Wato kujerata za ki ba jarka," in ji shi.

"Ta fi ka ƙamshi."

"Ta fi ni saurin fushi kuma. Mai walda, sauke wannan."

Mai walda ya tsaya da ƙarfen a kafaɗa.

"Sauke farantin. Kawo kejin kuran."

"Baba, babbar?"

"Mai tsanin. In za ta yi yaji, ta yi shi da kayanta a ka kamar kowace mace, kada a ce na kore ta da jarka a cinya."

Likita ta rufe but ɗin a hankali. Ta zo ta tsaya a gabansa, ta kare masa rana.

"Kaka."

Rabon da ta kira shi haka tun ranar da aka dawo daga maƙabarta.

"Ba za ta shiga gareji ba, Kaka."

"Na sani. Ni na auna."

"Zan iya barin jarkar. In riƙa shan mai a hanya."

"A wane gidan mai? Wurin shanu?" Ya juya katakon a hannunsa. "Garejin nan ya riƙe mini mota lafiya lau. Ko ƙwarzane babu. Bai taɓa dawo mini da direba ba."

Abin da ya rage ba na faɗa a rumfar walda ba ne. Wata babbar mota ta wuce a titi, kwanon rumfar ya yi rawa ya lafa.

"To in na zo ina za ta kwana?" ta tambaya.

"Ƙofar gida. Inda duk unguwa za ta ga matata ta dawo da ƙafarta, ban je biko ba."

"Wa ya ce don kai zan dawo? Wanki zan kawo."

"Ki kawo. Inda wanki ya je, nan mai shi ke kwana."

"Garejin fa? Me za ka sa a ciki?"

"Kujera. In zauna in huta da bakinki."

Mai walda ya kira maƙwabcinsa mai faci, suka ɗaga babbar kariyar su biyu suka gwada ta a kan motar, suka sauke. Ya share zufa ya matso wurin benci.

"Baba, wannan ba a maƙala ta da kilif kamar ƙananan. Sai an huda kan motar, a ɗaure da noti, a toshe da roba don ruwa. In an huda kuwa an huda. In yi?"

"Me kake kallona?" in ji Tsoho. Ya nuna ta da katakon. "Tambayi mai motar."

Likita ta juya da sauri ta tsuguna gaban tayar baya, tana danna ta da babban yatsa, kamar taya ce ta yi magana. Ta jima a nan. Tsoho ya ƙyale ta, ya kalli bango.

"Huda," ta ce daga can ƙasa.

"Dakata tukuna." Tsoho ya zaro wani tsumma mai laushi daga ɗaya aljihun, wanda yake goge motar da shi kullum. "A fara share saman. Hannuna bai taɓa kaiwa can ba."

Mai walda ya miƙo hannu, amma ita ta riga shi karɓa. Ta taka taya ta hau, ta leƙa kan motar.

"Tsoho, a nan sama ai gona gare ka. Da ka sani ka yi shuka, da yanzu an yi girbi."

"Na bar miki ne gado."

"Ƙasa ce har da sawun ƙadangare."

"Ɗan haya ne. Ki sallame shi da mutunci."

Ta goge daga gaba zuwa baya, ta ninka tsumman ta sake bi. Fentin ya fito, launinsa na asali, ya fi na jikin motar duhu. Tsoho ya ɗaga kai yana kallon hannunta yana kaiwa da kawowa a inda nasa bai kai ba. Da ta gama ta diro, ta kaɗe tsumman, ba ta mayar masa ba, ta cusa shi a aljihun ƙofar direba. Ya gani, ya bar mata.

Mai walda ya jawo waya ya haɗa injin huda.

"Zo nan," in ji Tsoho. Ya miƙa mata guntun katakon. "Ungo."

"In yi me da shi? In mutum zai ba matarsa kyautar sallama, sai ya ba ta itacen wuta, shi ma guntu?"

"Ma'auni ne. Ki riƙa auna samarin can da shi. Duk wanda hankalinsa bai kai tsawon wannan ba, kada ki kawo mini shi gida."

Ta karɓa, ta juya shi, ta ɗora shi a gefen kan Tsoho, daga kunne zuwa hula, ta runtse ido ɗaya kamar yadda yake yi.

"Allah ya rufa asiri kakata ba ta sami irinsa ba," ta ce. "Da ba a haifi kowa ba a gidanmu."

Dariyar ta zo masa ba shiri. Ta fito da ƙyar, da tsatsa, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, ta koma tari, ta sake dawowa dariya, har sai da ya dafa benci. Likita ta ajiye katakon a gaban sitiyari, jikin gilashi, ta dawo ta zauna kusa da shi tana bubbuga masa baya.

"Kin ci," in ji shi, yana share ido da bakin hannun riga. "Mai walda, huda mata. Ka ɗaure da kyau."